Yadda ake rarrabe lambobi da da'irori masu shiga juna

Ɗan yayata ne ya same ni a zaure bayan sallar La'asar, riƙe da kaye, fuska a murtuke. Mushensu ya ba su aiki: su fitar da ninkin 2 da ninkin 3, wato lambobin da 2 ko 3 ke rabawa ba saura, daga cikin lambobin 1 zuwa 20, su faɗi guda nawa ne gaba ɗaya. Ya jera ninkin 2 ya samu goma, ya jera ninkin 3 ya samu shida, ya haɗa ya rubuta 16. Aka maido masa da kaye da jan bik a kai.

"Kawu, goma da shida ba sha shida ba ne? To mi na ɓata?"

Haɗawarsa ba ta da aibu. Abin da ya ɓata shi ne ya ƙirga wasu lambobi sau biyu bai sani ba, kamar mai rabon goron suna da ya ba mutum a zaure, ya sake ba shi a ƙofar gida don mutumin ya canza wurin zama. Ban tsaya yi masa dogon bayani ba. Na aike shi wurin mai facin keke da ke bakin titi a nan unguwarmu ta Zariya cikin Maradi, ya aro mana tsofaffin tayoyi biyu. Abin da muka yi da tayoyin nan, wato zanen da'irori masu shiga juna da ake kira zanen Venn, shi ne zan shimfiɗa a nan, don iyaye da yayye da malaman da ke koyar da yara a gida.

Kayan aiki

Tayoyin keke biyu, daga baya za a buƙaci ta uku. In babu taya, igiya ta isa, ko a kifa babban faifai a kan rairayi a zagaye shi da yatsa. Sai tsohon kwali, irin na sabulu ko na taliya, a yayyanka shi ƙanana kamar faɗin akwatin ashana, a rubuta lamba ɗaya a kan kowane, daga 1 zuwa 30. In lokacin hunturu ne a tanadi tsakuwa ta danne su, don iskar Maradi ba ta san darasi ba. Murafun kwalba sun fi kwali nauyi, in an samu sun fi.

Akwai dalilin da ya sa na fi son a fara da kati a ƙasa kafin a hau takarda. A takarda yaro yana iya rubuta 6 sau biyu, hannunsa ba zai hana shi ba. Amma in katin 6 guda ɗaya ne tak a hannunsa, dole ya nema masa mazauni ɗaya. Duk hikimar zanen nan a nan take: kowace lamba katinta ɗaya, mazauninta ɗaya. Don haka kada a yi kuskuren rubuta lamba ɗaya a kati biyu, ko da an ga kwali ya yi saura.

Mataki na farko: a ja shinge

Kafin a ajiye taya, a zana babban fili mai kusurwa huɗu a ƙasa, wanda zai ɗauki tayoyin biyu har ya bar sarari a gefe. Wannan shi ne shingen aikin. Yana nufin iyakar lambobin da muke magana a kansu. A aikinmu na yau, 1 zuwa 20 ne. Sai a ware katunan 21 zuwa 30 a ajiye gefe, ba su cikin wannan zance.

Yara da yawa suna tsallake wannan mataki, har da manya. Amma ninkin 2 ba su da ƙarshe. In ba a ja shinge ba, sai a kwana ana jerawa. Kuma akwai lambobin da ba za su shiga ko wace taya ba, su ma suna buƙatar wurin tsayawa.

Mataki na biyu: a ba kowace taya tambayarta

Taya ta hagu tambayarta: shin 2 tana raba wannan lamba ba saura? Taya ta dama: shin 3 tana raba ta ba saura? A rubuta "ninkin 2" da "ninkin 3" a ƙasa kusa da kowace, don kada a rikice a tsakiyar aiki.

Sharaɗin tambaya shi ne amsarta ta zama i ko a'a, babu "ya danganta". "Manyan lambobi" ba suna ba ne da za a ba taya, don 15 babba ce a wurin ɗan CP, ƙaramin ajin firamare, ƙarama ce a wurin dillalin hatsi. "Lambobin da suka wuce 10" kuwa ya yi, kowa zai yarda 11 ta shiga, 10 ba ta shiga ba.

Mataki na uku: a ɗora tayoyin su shiga juna

A ajiye su cikin shinge, a ja ɗaya ta hau gefen ɗaya, har a samu wani wuri a tsakiya mai kama da ƙwayar gurjiya, wanda yake cikin tayoyin biyu a lokaci guda. A bar shi da faɗi, kada a matse shi, don shi ne zai fi ɗaukar hankali.

Yanzu a tambayi yaro: wurare nawa ne a filin nan? Kusan kullum amsar farko biyu ce. In ya ƙara dubawa ya ce uku. Huɗu ne: ɓangaren hagu kaɗai, tsakiya, ɓangaren dama kaɗai, da waje, wato cikin shinge amma ba cikin taya ba. Ni nakan sa yaro ya taka ƙafarsa a kowane wuri yana faɗin ma'anarsa da bakinsa. "Nan 2 na rabawa, 3 ba ta rabawa. Nan duka biyun. Nan 3 kaɗai. Nan ba ko ɗaya." In bai iya faɗin wannan ba, kada a miƙa masa katunan tukuna.

Mataki na huɗu: a fara cika tsakiya

Nan ne aikin yake. A nemo lambobin da suka amsa i ga tambayoyin biyu, a fara da su. Daga 1 zuwa 20, waɗanda 2 ke rabawa kuma 3 ke rabawa su ne 6, 12 da 18. Su shiga tsakiya.

Sannan a ɗauki sauran ninkin 2 a zuba su a hagu: 2, 4, 8, 10, 14, 16, 20. Sauran ninkin 3 su tafi dama: 3, 9, 15. Abin da ya rage a hannu, 1, 5, 7, 11, 13, 17, 19, a shimfiɗa shi a waje cikin shinge. Ba jefar da su za a yi ba, wurinsu ke nan.

Da ɗan yayata na bar shi ya fara yadda ya ga dama, don ya ji a jikinsa. Ya kwashe ninkin 2 duka goma ya jibge a hagu. Da ya zo jera ninkin 3, ya ajiye 3, ya shiga laluben 6 a hannunsa bai gan ta ba.

"Kawu, shida ta ɓace."

"Ba ta ɓace ba, duba inda ka aje ta."

Ya ɗauko ta daga hagu ya kai dama. Na ce, to yanzu 2 ta daina raba 6 ke nan? Ya tsaya da katin a sama, yana kallon hagu yana kallon dama. Can sai ya sauke shi a tsakiya a hankali, ya ɗago kai yana murmushi. Bai jira na ce komai ba ya bi 12 da 18 ya ɗauko su. Minti biyu ke nan da suka yi abin da jan bik bai yi ba.

Mai son hanya mafi sauƙi ga ƙaramin yaro yana iya bin katunan ɗaya bayan ɗaya daga 1, yana yi wa kowane tambayoyin biyu kafin ya ajiye. Ta fi jinkiri amma ba ta kuskure. Sai dai in an zo lissafin da ba kati a hannu, wanda za mu gani nan gaba, fara da tsakiya ya zama tilas, shi ya sa nake son hannu ya saba tun yanzu.

Mataki na biyar: a ƙirga, a tabbatar

Hagu bakwai, tsakiya uku, dama uku, waje bakwai. A haɗa: 7 + 3 + 3 + 7 = 20. Ya yi daidai da yawan katunan da aka fara da su. In jimla ta wuce 20, an maimaita wata lamba. In ta gaza, an mance wata, galibi 1 ce ko wata ta waje. Kada a tashi daga zane ba a yi wannan ƙidaya ba.

Amsar tambayar mushe kuwa, duk abin da ke cikin tayoyin ne: 7 + 3 + 3 = 13. Ga inda 16 ta fito: goma da shida sun ƙirga ƴan tsakiyar nan uku sau biyu. A cire ukun sau ɗaya, 16 − 3 = 13. Wannan ita ce ƙa'idar da za a riƙe: yawan na farko, a ƙara yawan na biyu, a debe na tsakiya.

Bayan an yi haka sau biyu ko uku a ƙasa, sai a koma kaye. Bakin kofin shayi ya isa zana da'ira. Kuma ba dole ta fito sumul ba; a makarantun Faransa ma wasu malamai dankali suke kiran waɗannan da'irori, saboda yadda suke fitowa a karkace in an zana da hannu.

Littattafan lissafi suna kiran zanen da sunan John Venn, malamin jami'ar Kambirij a Ingila, wanda aka haifa a 1834 ya rasu a 1923. A 1880 ya fitar da maƙalar da ya tsara zanen a ciki. Shi kansa bai ce shi ya fara ba, yana danganta da'irorin ga Leonhard Euler, gwanin lissafi ɗan Suwizalan da ya yi aiki da su tun ƙarni na 18. Kuma ba lambobi ne suka dami Venn ba, ilimin manɗiƙi yake yi, wato auna magana a ga abin da ta tabbatar da abin da ba ta tabbatar ba. Wanda ya zauna gaban malaman zaure ya ji ana "kowane kaza kaza ne, amma ba kowane kaza ne kaza ba" ya riga ya san rabin zancen.

Kalmomi uku da ke kayar da yara: da, ko, kaɗai

Zane ya kammala, saura karanta shi, kuma a nan harshe ne ke yin tarko. In aka ce ninkin 2 da kuma ninkin 3 a lokaci guda, tsakiya ake nufi: 6, 12, 18. In aka ce ninkin 2 kaɗai, hagu ake nufi ban da tsakiya: guda bakwai. In aka ce ninkin 2 aka yi shiru, to taya ce gaba ɗayanta, hagu da tsakiya: guda goma. Yaro yakan ga bakwai a ɓangaren hagu ya rubuta cewa ninkin 2 bakwai ne, ya mance ƴan tsakiya ba su fita daga tayar ba.

"Ko" ta fi su wuya. In uwar gida ta ce da baƙo, fura za a kawo ko kunu, ɗaya take nufi ya zaɓa. "Ko" ta lissafi ba haka take ba. Ninkin 2 ko ninkin 3 yana nufin wanda ya shiga wannan, ko waccan, ko duka biyun. Irin "ko" ɗin mai gadin ƙofa ce da aka ce masa mai katin gayyata ko ɗan gida ya shiga. Ɗan gidan da ke riƙe da kati ai ba za a kore shi ba.

A kolej za su haɗu da alamomi biyu. Alamar ∪ kamar ƙwarya ce a buɗe, tana tara duk abin da ke cikin da'irorin biyu. Alamar ∩ ƙwarya ce a kife, ƴan tsakiya kawai ta rufe. Da wannan kwatance nake hana su musanya su.

Wani abu a gefe. Ɗan yayata ya dubi ƴan waje, 5, 7, 11, 13, 17, 19, ya ce ai duk wanda ke waje ba ya rabuwa da komai. Na ji daɗin idonsa, amma na ce ya faɗaɗa shinge zuwa 30. Sai ga 25 ta faɗo waje, alhali 5 sau 5 ce. Zane yana faɗin gaskiya ne a kan abin da ke cikin shingensa kawai. Ita ma 1 da ke waje ba ta cikin wancan jinsi, zan dawo kanta.

In babu kati, sai adadi

Yanzu lissafin da ake yawan kawowa a jarrabawa. A ce a wata unguwa akwai gida 50. Gida 32 suna kiwon awaki, gida 23 suna kiwon tumaki, gida 12 suna kiwon duka biyun. Gida nawa ne ba su kiwon ko ɗaya?

A nan ba lambobin kansu ake zubawa cikin da'ira ba, yawan gidajen kowane wuri ake rubutawa. A zana shinge, a rubuta 50 a kusurwarsa ta waje. A fara da tsakiya: 12. Masu awaki 32 ne, amma 12 daga cikinsu sun riga sun zauna a tsakiya, saura 20 a hagu. Masu tumaki 23, a debe 12, saura 11 a dama. Masu kiwo gaba ɗaya: 20 + 12 + 11 = 43. Waɗanda ba su kiwo: 50 − 43 = 7.

Wanda ya fara da rubuta 32 a hagu da 23 a dama, ya ƙara 12 a tsakiya, zai samu gida 67 a unguwa mai gida 50. In yaro ya kawo irin wannan amsa, kada a ce masa kuskure ne, a tambaye shi ina sauran gida 17 suka fito.

Wani lokaci sukan juya tambayar, su ɓoye tsakiyar. Gida 50, masu awaki 32, masu tumaki 23, gida 7 ba su kiwo. Nawa ne ke kiwon duka biyun? A fara debe na waje: 50 − 7 = 43, su ne ke cikin da'irori. A haɗa 32 da 23, an samu 55. Rarar da ke tsakanin 55 da 43, wato 12, ita ce waɗanda aka ƙirga sau biyu. Su ne ƴan tsakiya.

Rabon dabino da goro: abin da ake kira PGCD

A ce ana shirin suna, akwai dabino 24 da goro 36, ana so a ƙulla su a leda, kowace leda daidai da ƴar'uwarta, kada komai ya yi saura. Leda nawa ce mafi yawa da za a iya ƙullawa?

Da'irar hagu ta masu raba 24 ce: 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Ta dama ta masu raba 36: 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12, 18, 36. Don kada a tsallake wata, a nemo su bibbiyu: 1 da 24, 2 da 12, 3 da 8, 4 da 6. Tsakiya ta ɗauki 1, 2, 3, 4, 6, 12. Hagu ta rage da 8 da 24, dama da 9, 18 da 36. Babbar cikin ƴan tsakiya ita ce 12. Leda 12 ke nan, kowace da dabino 2 da goro 3. Wannan ne ƴan kolej ke haddacewa da sunan PGCD, mafi girman lambar da ke raba su duka biyun, da yawansu ba su taɓa sanin na rabon goro ba ne.

In lambobin sun yi girma, jera masu raba su yana cin lokaci. Akwai hanya ta biyu, wadda a ganina ita ce mafi daɗin abin da zanen nan ke yi. Tana buƙatar lambobin da ni nake kira gagara-rabo, waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Lamba 1 ba ta cikinsu, don mai raba ta guda ɗaya ne tak, su kuwa biyu gare su.

Mu ɗauki 72 da 120. A farfasa kowace har sai gagara-rabo sun rage:

72 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3
120 = 2 × 2 × 2 × 3 × 5

A yi hattara, a nan an sassauta dokar kati ɗaya. Ba jinsin lambobi muke rarrabewa ba, tubalan da aka gina kowace lamba da su muke ƙirgawa, don haka 2 tana iya fitowa sau uku. Hanyar ita ce a haɗa su aure: duk tubalin da ke sama yana da abokinsa a ƙasa, a soke su biyun, a rubuta guda ɗaya a tsakiya. Akwai 2 uku a sama, uku a ƙasa: 2, 2, 2 sun shiga tsakiya. Akwai 3 biyu a sama, ɗaya a ƙasa: aure ɗaya ne ya ɗauru, 3 ɗaya ta shiga tsakiya, ɗayar ta zauna a hagu ita kaɗai. Wannan 3 ta biyun ita ce ke kayar da yara, sukan tura ta tsakiya don sun ga ƴar'uwarta a can. Sai 5 a dama.

Yanzu a karanta. Ninka ƴan tsakiya: 2 × 2 × 2 × 3 = 24, shi ne PGCD. Ninka duk abin da ke cikin zanen, hagu da tsakiya da dama: 3 × 24 × 5 = 360, shi ne PPCM, mafi ƙanƙantar lambar da take ninkin 72 kuma ninkin 120. Mai son tabbatarwa ya ninka 24 da 360, ya ninka 72 da 120, duka biyun 8640 za su ba shi. Ga kuma gyara a kan ciniki: in aka ce a rage 72/120 zuwa mafi sauƙin siffarsa, a rufe tsakiya da tafin hannu, abin da ya rage hagu bisa dama shi ne amsa, 3/5.

Amfanin PPCM a rayuwa shi ne sanin ranar haɗuwa. Direbobi biyu sun tashi daga tasha rana ɗaya, ɗaya yana dawowa Maradi duk kwana 6, ɗaya duk kwana 8. Tubalan 6 su ne 2 da 3, na 8 su ne 2, 2, 2. Tsakiya 2, hagu 3, dama 2 da 2. A ninka duka, 24. Sai bayan kwana 24 za su sake shan shayi tare.

Taya ta uku

In yaro ya ƙware da biyu, a ƙara ta uku a ƙasansu, ta hau kowace, har a samu ɗan wuri a can tsakiya da ke cikin duka ukun. Wurare sun zama takwas, har da waje. A maido katunan 21 zuwa 30, shinge ya zama 1 zuwa 30, tayoyin su zama ninkin 2, ninkin 3 da ninkin 5.

Ƙa'idar ba ta canza ba, daga ciki ake fitowa waje. Cibiya tukuna: wadda 2 da 3 da 5 duk ke rabawa, 30 ce ita kaɗai. Sai wurare ukun da ke kewaye da cibiya. Na 2 da 3 ban da 5: 6, 12, 18, 24. Na 2 da 5 ban da 3: 10, 20. Na 3 da 5 ban da 2: 15. Sannan na kaɗai-kaɗai. Ninkin 2 kaɗai: 2, 4, 8, 14, 16, 22, 26, 28. Ninkin 3 kaɗai: 3, 9, 21, 27. Ninkin 5 kaɗai: 5, 25. Waje: 1, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Ƙidaya: 1 + 4 + 2 + 1 + 8 + 4 + 2 + 8 = 30.

Kada a yi kwaɗayin ƙara taya ta huɗu. Rukuni huɗu suna buƙatar wuri 16, da'irori huɗu kuwa duk yadda aka jera su ba sa ba da fiye da 14. Venn da kansa sai da ya koma ga siffofi masu kama da ƙwai kafin ya samu na huɗu ya fito.

In wani wuri ya zauna fanko

Ba laifi ba ne. A gwada lambobin da 2 ke rabawa da waɗanda ke barin saura ɗaya: tsakiya ba kowa, don lamba ba ta zama duka biyun. A gwada ninkin 2 da ninkin 4: wannan karon ɓangaren ninkin 4 kaɗai ne ya zama kango, saboda duk ninkin 4 ninkin 2 ne. A nan ana iya ɗaukar tayar ninkin 4 a maye ta da ƙaramar da'ira a cikin babbar, wanda shi ne salon Euler. Salon Venn kuwa a bar tayoyin yadda suke, a ja layuka a wurin da ba kowa. A gwada kuma gagara-rabo da ninkin 2, a ga yadda 2 ke zama a tsakiya ita kaɗai, ko da an kai shinge dubu.

Aikin da na bar wa ɗan yayata kafin ya mayar wa mai faci tayoyinsa na kuɗi ne, tunda a nan da dala muke ƙirge. Shinge: farashi daga dala ɗaya zuwa dala ashirin, wato sefa 5 zuwa sefa 100. Hagu: abin da za a iya biya da ƙwandalolin dala biyu zalla, ba canji. Dama: abin da za a iya biya da na dala biyar zalla. In an yi daidai, tsakiya za ta ɗauki dala goma da dala ashirin, dama ta ɗauki dala biyar da dala sha biyar, hagu ta ɗauki takwas, takwas kuma su rage a waje. Da ya gama na ce ya sake rubuta katunan da sefa, 10, 25, 50, yadda mushe zai rubuta a allo, ya duba ko akwai katin da ya canza wuri.